Ƙuri'ar Zango: mu ne muka girma a siyasar Gana, ko manyanmu ne kawai?

Malam Sani (Nima):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya bayan Isha'i na biya ta bes, wato dandalin hirar samari, na su ƙanena, ana zuba ataya, sai na iske gardamar da na zaci an binne ta tun zaɓen Disambar 2024 tana nan da ranta. Wani saurayi har da rantsuwa, wai mutanen Zango sun ci amanar addini: Allah ya nuna mana ranar da ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun Gana biyu ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa, mu kuma muka juya masa baya. Da maganar nan na kwana a raina.

Ni dai ban ga cin amana ba. Ƙidayar 2021 ta ce mu kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutum miliyan 30.8. Ko jariran goye za su dangwala, mu kaɗai ba ma naɗa shugaba. John Mahama na jam'iyyar NDC ya samu wajen kashi 56, Dakta Mahamudu Bawumia na NPP, Musulmin da ake magana a kai, wajen 41, kuma unguwannin Zango irin su Nima da Mamobi da Asawase duk NDC suka bi kamar yadda suka saba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Shekara 16 Musulmi yana kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa: marigayi Alhaji Aliu Mahama daga 2001 zuwa 2009, sai Bawumia daga 2017 zuwa 2025. A gwamnatin da aka kafa a 2025, Muntaka, ɗan majalisar Asawase, aka ba harkokin cikin gida, Haruna Iddrisu aka ba ilimi. A sama dai mun isa. Amma ranar zaɓen asambili, wato majalisar gunduma, na Disambar 2023 na wuni a bakin rumfar zaɓen layinmu, ma'aikatan suna zaune jugum, sai a yi rabin awa ba wanda ya zo. Alhali wanda ake zaɓa a ranar shi ne zai yi maganar kwatar da ke bin ƙofar gidajenmu. To tambayata gare ku: mu ne muka girma a siyasa, ko 'yan ƙalilan ne daga cikinmu suka girma?

Shamsu (Asawase):
Wa alaikumus salam Malam. Manyanmu ne suka girma. Mu har yanzu riga mai hoton ɗan takara da shinkafar azumi ce rabonmu. Ba sai an ja maganar da nisa ba.

Alhaji Tanko (Aboabo, Kumasi):
Shamsu ɗana, yi haƙuri a ja ta da nisa, don wanda bai san inda aka fito ba ba zai iya auna tafiyar ba. Jikana ne ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Siyasar mutanen Zango ba jiya ta fara ba. Tun kafin 'yancin kai Musulmi sun taɓa kafa jam'iyyarsu, MAP, ta shiga zaɓen 1954 da na 1956. A nan Kumasi ta haɗa kai da jam'iyyar NLM suna adawa da CPP ta Nkrumah. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin abin da ya biyo baya. A 1957, ƙasa ba ta ko cika shekara da samun 'yanci ba, gwamnati ta ce Sarkin Zangon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan su bar Gana. Suka je kotu suka ce su 'yan ƙasa ne. Kafin shari'a ta ƙare majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka fitar da su zuwa Najeriya. A ƙarshen shekarar kuma aka haramta duk jam'iyyar da aka gina kan addini ko ƙabila ko yanki. Darasin da iyayenmu suka ɗauka shi ne: ɗan Zango in ya ɗaga kai a siyasa, tambayar farko da za a yi masa ita ce daga ina kakansa ya zo.

Na 1969 kuwa da idona na gani, ina saurayi. A watan Nuwamba gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Wa ke da takarda a lokacin? Mutumin da aka haife shi a Yalwa ko Aboabo, aka yanka ragon sunansa a nan, bai taɓa tunanin zai bukaci takarda ba. Akwai maƙwabcinmu mai sayar da goro, shi da mahaifina a sahu ɗaya suke sallah shekara da shekaru. Ya sayar da keken ɗinkin matarsa da gadon ƙarfe a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Ranar tafiya ya kawo wa mahaifiyata turmi da taɓarya ya ce ajiya ce, za su dawo. Turmin nan ya fi shekara 20 a tsakar gidanmu, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Daga wannan shekara mahaifina ya sayi gwangwanin ƙarfe mai murfi, duk wata takarda mai hatimi, ko ta harajin kasuwa ce, a ciki take kwana. Kuma ya hana mu zuwa taron kowace jam'iyya. To mutanen da suka tashi da wannan tsoro, yau jikokinsu na tsayawa takara, ɗayansu yana riƙe da ma'aikatar da hukumar shige da fice ke ƙarƙashinta. Kada ka ce ba a yi tafiya ba, ɗana.

Nafisa (Legon):
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ina karatun shari'a, kuma dokar nan ta mutum biyu da kuka ambata muna cin karo da ita a tarihin tsarin mulki. Ƙari kaɗan: haramcin nan bai tafi ba. Tsarin mulkin 1992, sashe na 55, ya ce dole kowace jam'iyya ta zama ta ƙasa baki ɗaya, ba a gina ta kan addini ko ƙabila ko yanki. Don haka masu cewa a kafa jam'iyyar Musulmi su san ƙofar a rufe take. Ni kuma ina ganin alheri ne gare mu. Mu kashi 20 ne, Kiristoci sun haura 70. Ranar da aka koma ƙidayar masallaci da coci a akwatin zaɓe, mu ne za mu kwana a ciki.

Yakubu (Ashaiman):
Ni ɗan Nasara ne, reshen NPP na Zango, ba na ɓoyewa. Malam Sani ka ce ba cin amana, na ji. Amma a faɗi gaskiya duka. Wace jam'iyya ce ta ba Musulmi kujerar mataimaki har sau biyu? Wace ce ta kafa ma'aikatar raya Zango a 2017, ta yi dokar asusun raya Zango a shekarar? Wakilan NPP, waɗanda akasarinsu Kiristoci ne, su suka ba Bawumia sama da kashi 60 a zaɓen fid da gwani na Nuwambar 2023. Ana cikin kamfe wani ɗan takara ya tsaya a coci ya ce ƙasar Kiristoci sai shugaba Kirista, kuma Kiristoci da yawa ne suka fito suka tsawata masa. Su sun yi mana kara, mu ba mu yi wa kanmu ba. Muna riƙe da 1969 muna hukunta NPP, jikokin Busia a siyasa, alhali Baba da bakinsa ya ce korar farko ta zamanin Nkrumah ce.

Shamsu (Asawase):
Yaya Yakubu, ma'aikatar Zangon tana ina yanzu? Wanda ya kafa ta shi ya rushe ta a 2021. Asusun ya yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba, na gani, ina ma bugawa a ciki. Amma filin ƙwallo ba ya ba mutum aiki.

Kuma kada ka ɗauka ɗaya ɓangaren nake karewa. Bari in faɗi abin da na yi da kaina. Ina shekara 22 wani babba a wata jam'iyya, ba zan kira suna ba, ya tara mu mu goma sha a wani gida. Aka ba kowa sidi 50 da baƙar riga, aka ce aikinmu tsare akwati. Ba wanda ya tambaye mu me muke so a yi wa unguwarmu. Ƙirjinmu aka duba. Abokina ya samu sara a kafaɗa a wannan daren, har yau hannunsa ba ya ɗaguwa sosai, babban nan kuwa ko asibiti bai leƙo ba. 'Ya'yansa suna jami'a a waje. Duk ƙungiyoyin 'yan ƙarfin nan da aka haramta da doka a 2019 bayan rikicin zaɓen Ayawaso West Wuogon, ku bincika ku ga 'ya'yan waɗanne unguwanni suka fi yawa a cikinsu. Wannan ita ce shiga siyasar da aka tanadar wa irina.

Hajiya Ramatu (Madina):
Sannunku da muhawara. Yakubu ƙanina, ni ina cikin waɗanda ba su zaɓi Bawumia ba, kuma ban ji na saɓa wa Allah ba. Shinkafa da mai nake sayarwa. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. In sayar da jarkar mai da safe, in koma sari da yamma kuɗin bai isa in mayar da ita ba. Jarin da na tara shekara 15 ya narke ina kallo. A lokacin Bawumia ne shugaban tawagar tattalin arzikin gwamnati, shi ya yi ta yi mana bayanin sidi da dala tun yana adawa. Da wannan na auna shi, kamar yadda zan auna kowa. Na yaba masa abu guda: washegarin zaɓe tun da safe ya fito ya amsa kaye kafin hukumar zaɓe ta gama sanarwa, ya kashe wutar da za ta iya cin 'ya'yanmu. Allah ya saka masa.

Amma maganar da ta kawo ni ita ce ta takarda, wadda Baba ya taɓo. Gwangwanin nan na mahaifinku, Baba, har yau muna cikinsa. Na raka 'yata wani ofishi neman takardar shaida. Jami'in ya dubi sunanta, ya ce wace ƙabila? Ta ce Bahaushiya. Ya ajiye biro ya ce Hausa ba ƙabilar Gana ba ce, ina garinku na asali? Na ce masa a Sabon Zango aka haifi kakata, tun Turawa na mulki. Ya ce mu kawo shaida. Yarinyar da ke bayanmu a layi, sunanta na mutanen kudu, ko minti biyar ba ta yi ba. 'Yata ta fito tana hawaye ta ce Mma, to mu 'yan ina ne? Sai da muka yi zuwa uku.

Daga ranar na sa wa ƙungiyarmu ta adashi doka: duk wadda ta haihu, kafin mu kai mata gudummawar suna sai ta nuna an yi wa jariri rajistar haihuwa. Da farko an yi ta gunaguni, yanzu ya zama al'ada. A wurina wannan ma siyasa ce.

Bello (Kano):
Salamu alaikum 'yan'uwa na Gana, ni baƙo ne a zauren, ina ƙaruwa. Labarin Baba ya taɓa ni, don mu ma a 1983 zamanin Shagari an kori 'yan Gana da yawa daga Najeriya, abin kunya ne ta kowane ɓangare. Tambayata: a nan an yi tikitin Musulmi da Musulmi a 2023, malamai da yawa suka hau mumbari suka ce a zaɓa. Yau talaka na kuka da tsadar rayuwa, wasu malaman ba sa iya haɗa ido da mabiyansu. Ku naku malaman ba su ce ku zaɓi ɗan'uwa ba?

Ustaz Hudu (Tamale):
Malam Bello barka da zuwa. Wasu sun faɗa, wasu sun yi shiru, jama'a kuma suka yi abin da ke ransu. Nan jihar Arewa Musulmi ne mafi rinjaye, amma Mahama, wanda Kirista ne, shi ya ci ta.

Muna da abin koyi a wurin Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu. An haife shi a 1919, yana kan limancin tun 1993. Kowane ɗan takara yana zuwa gidansa a Fadama ya durƙusa, ya yi masa addu'a ya sallame shi, ba ya ɗaga hannun kowa. A 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ya taka har cocin Katolika ta Christ the King a Akra ranar Ista. Wasu daga cikinmu sun ji nauyin abin, amma shi ya sa in ya yi magana duk ƙasa ke saurare.

Matsalarmu tana wurin ƙananan limamai irinmu. Ɗan siyasa ya zo Juma'a ta ƙarshe kafin zaɓe da buhun siminti 50 da ambulan. Masallaci na bukatar rufi, liman ba shi da albashi. Ka karɓa, bakinka ya mutu shekara huɗu. Ni na taɓa karɓa, na san yadda harshe ke nauyi bayan nan. Yanzu a masallacinmu mun yanke cewa duk gudummawa a hannun kwamiti za ta shiga, a karanta adadinta a bainar jama'a, kuma ba ɗan takarar da zai riƙe makirufo a cikin masallaci. Yana da magana, ya tara mutane a fili a yi masa tambayoyi.

Yakubu (Ashaiman):
Ustaz, da girmamawa, to me ya sa da Bawumia ya shiga coci-coci neman ƙuri'a wasu malamai suka yi ta sukar imaninsa? Babban Limami ya shiga an yaba, shi ya shiga an zaga. Waɗannan maganganu sun yi masa illa a Zango, kuma ba adalci ba ne.

Ustaz Hudu (Tamale):
A nan ina tare da kai, Yakubu. Wanda ke neman shugabancin kowa dole ya je wurin kowa. Auna imanin mutum saboda jam'iyya zunubi ne, ko wa ya yi.

Mai kula da zaure:
Jama'a, na goge saƙonni biyu da suka kira wasu munafukai. A ci gaba da hujja, ban da zagi.

Nafisa (Legon):
Ina so in dawo da mu kan tambayar Malam Sani, don ina ganin muna auna ci gaba da kujeru, alhali akwai ma'aunin da ya fi shi: me muka iya canzawa a doka?

Abin da muka samu a fili shi ne hutu. Zamanin Rawlings aka mayar da Sallah ƙarama da babba ranakun hutun ƙasa, a 2025 kuma majalisa ta ƙara rana guda bayan ƙaramar Sallah. Madalla. To ga wanda ba mu taɓa ba. Dokar rajistar auren Musulmi da ake aiki da ita ta 1907 ce, ta zamanin Turawa. Ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda da ɗaura shi, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi su sa hannu. Ku tambayi iyayenmu mata a zauren nan, mutum nawa aka yi wa haka? Sai miji ya rasu, rigimar gida ta kai kotu, a nan mace ke jin cewa auren da aka ɗaura a gaban ɗaruruwan mutane ba ya cikin littafin da dokar ta tanada, sai ta koma neman hanyar tabbatar da shi. An daɗe ana maganar sabuwar doka, 'yan majalisa Musulmi sun shiga sun fita, har yanzu ta 1907 ce.

Ga kuma makarantu. A azumin 2021 aka yi rikicin Wesley Girls a Cape Coast kan hana ɗaliba Musulma azumi. Hukumar ilimi ta ce a bari, cocin Methodist ta ce ba ta yarda ba. Abin da ya burge ni shi ne ba a fita da duwatsu ba. An rubuta takardu, an zauna da majalisar zaman lafiya ta ƙasa, daga baya maganar haƙƙin ɗalibai Musulmi a makarantar ta kai Kotun Ƙoli ta hannun lauya Musulmi. A zamanin da Baba ya ba da labari, lauyoyinmu nawa ne?

Hajiya Ramatu (Madina):
Innalillahi. Nafisa 'yata, shekarata 27 da aure, yau na fara jin maganar mako gudan nan. Don Allah ki rubuto mana shi dalla-dalla da Hausa mai sauƙi in karanta wa mata ranar taronmu. Kin ga irin abin da nake faɗa. Ranar gangami mu ake cika wa fili, mu ke ɗinka ankon, mu ke guɗa. Ranar rabon muƙami sai a ce mace ta zauna a gida. Hajiya Alima Mahama ta yi minista, ta yi jakadiyar Gana a Amurka, sama ba ta faɗo ba. Amma a unguwa in mace ta ce za ta tsaya ko da kwamitin unguwa ne, kafin magariba an kai ƙararta wurin mijinta.

Alhaji Tanko (Aboabo, Kumasi):
Nafisa jikata, tambayarki ta lauyoyi ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Iyayenmu sun ƙi kai mu boko don makarantun na mishan ne, suna tsoron a canza mana suna da addini, kuma tsoronsu yana da dalili. Ni allo kawai na yi, sai na shiga dakon goro. Ahmadiyya sun buɗe sakandare a Kumasi tun 1950, mu muka ce ba ma zuwa. Sai a 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantunmu suka fara haɗa Ƙur'ani da boko, gwamnati na biyan malamai. Ku lissafa, yaran da suka shiga aji ɗaya a lokacin su ne masu shekara arba'in da 'yan kai yau. Su ne lauyoyin da likitocin da kuke gani. Shuka ce da aka yi a makare, shi ya sa inuwar ba ta kai ko'ina ba tukuna.

Shamsu (Asawase):
Baba na ji, kuma na janye kalmar da na ce ba a yi komai ba. Akwai abin da ni ma na shaida. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Asawase ta tashi. An ƙona tayoyi, ba zan musa ba, amma abin da ya yi aiki shi ne sarakunan Zango da limamai da ɗan majalisa da matasa sun tsaya a magana ɗaya: a yi bincike. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce babu hujjar cewa 'yan fashi ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Ba ta dawo da rai ba, kuma mutane da yawa har yau suna ganin hukuncin bai kai ba. Amma an wanke sunansu. Haka a Ejura a 2021 bayan kisan ɗan fafutuka Kaaka, da aka harbe matasa biyu a zanga-zanga, sai da aka zauna binciken da duk ƙasa ta kalla a talabijin.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne sai an zubar da jini muke haɗuwa. Kwata ta toshe shekara goma, makarantar gwamnati ba bandaki, ba mai fitowa.

Malam Sani (Nima):
Shamsu, ka kawo ni daidai inda nake so. Bari in faɗi yadda abin yake aiki, don da yawa ba mu sani ba. Kowace gunduma tana da asambili. Kashi 70 na mambobi mu ke zaɓensu, kashi 30 shugaban ƙasa ke naɗawa. Shugaban gunduma shugaban ƙasa ne ke kawo sunansa, amma ba zai hau ba sai kashi biyu cikin uku na mambobin da suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Tsarin mulki ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa gundumomi. A wannan zauren ake yanke wace kwata za a gyara, ina za a sa fitila, nawa mai tebur a kasuwa za ta biya. Kuma a zaɓen nan ne ko rabin masu rajista ba sa fitowa a faɗin ƙasa.

Bara da damina ruwa ya shiga ɗakin wata tsohuwa a layinmu cikin dare, muka fito da ita a kan kujera, tabarmarta da buhun garinta suna yawo a ruwa. Da safe kowa na zagin gwamnati. Na tambayi mutum tara da ke wurin sunan asambiliman ɗinmu, biyu ne suka sani. Muka rubuta takarda, mutum 64 suka sa hannu, muka kai masa, muka koma bayan mako biyu, muka sake komawa. A zuwa na huɗu aka turo motar kwasar yashi. Ba a gina kwatar ba har yanzu, yashe ta kawai aka yi, amma bana ruwa bai shiga ɗakin Inna ba.

Yakubu (Ashaiman):
Wannan gaskiya ne Malam, kuma mu 'yan jam'iyya muna da laifi, don ba kuɗi a zaɓen asambili shi ya sa ba ma tayar da mutane. Amma ban sauka daga maganata ba. Yaro a Zango da ya ga hoton mai suna Mahamudu a takardar zaɓen shugaban ƙasa, akwai abin da ya canza a kansa har abada. Kada ku raina wannan.

Nafisa (Legon):
Ban raina ba, Yaya Yakubu. Ni kaina na tsaya na daɗe ina kallon takardar kafin in dangwala. Wanda na zaɓa kuma sirrina ne.

Shamsu (Asawase):
Nafisa, tambaya ta tsakani da Allah. Mutum irina, makanike, sakandare kawai na gama, zai iya tsayawa asambiliman? Ko sai mai digiri da ubangida?

Nafisa (Legon):
Za ka iya. Doka ba ta nemi digiri ba. Ka zama ɗan ƙasa mai shekara 18 ko fiye, mai rajistar zaɓe, mazaunin gundumar, ba ka da bashin haraji a kanka. Da sunanka za ka tsaya, an hana amfani da tambarin jam'iyya, an kuma hana jam'iyya ta tsayar da kai ko ta yi maka kamfe. Kowa ya san suna yi ta bayan fage, amma dokar tana gefenka. In kana ganin asambili ya yi maka nisa, fara da kwamitin unguwa, rana ɗaya ake zaɓensu. Duk shekara huɗu ake yi, na ƙarshe 2023.

Ustaz Hudu (Tamale):
In ka yi niyya, Shamsu, ka fara zuwa gaida dattawan unguwa tun yanzu, kafin kowa ya san kana neman wani abu. Kuma abokin nan naka mai ciwon kafaɗa, ka sa shi kusa da kai.

Alhaji Tanko (Aboabo, Kumasi):
Asawase da Aboabo ba nisa. Ka zo gida ranar Juma'a bayan La'asar, ɗana, jikana zai turo maka kwatance ta akwatin sirri. Zan kai ka wurin mutum biyu da ya kamata su san fuskarka. Gwangwanin mahaifina yana nan, zan nuna maka takardun ciki.

Shamsu (Asawase):
In sha Allah Baba, zan rufe gareji da wuri. Ban yi alkawarin tsayawa ba tukuna, sai na yi shawara da mahaifiyata.

Hajiya Ramatu (Madina):
Nafisa, taron matan ranar Lahadi ne ƙarfe huɗu. In bayanin auren bai samu kafin nan ba, ko muryarki ki ɗauko ki turo mini ta WhatsApp in kunna musu. Malam Sani kuma a taimaka mini da kwafin takardar da kuka kai wa asambiliman, in ga yadda kuka tsara ta, don fitilun layin kasuwarmu wata biyar ke nan ba sa kamawa.